Kunnen Madam Huguette

Huguette Perrenoud ta yi shekara talatin da ɗaya tana saita agogo a bakin tagarta, a hawa na uku, nan garinmu Le Locle. Aikinta shi ne siririyar wayar nan mai kama da gashi, wadda ke sa zuciyar agogo bugawa. Da matsefata take lanƙwasa ta, gilashi a ido ɗaya, har agogon ya daina gudu ko nawa. Shekara huɗu ta yi tana koyo. Da wannan hannun ta ciyar da 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta.

Ni ne Firmin, mai kai mata akwatin aiki daga masana'anta kowace Juma'a, in karɓo na makon jiya. Ban yi nisa a makaranta ba, ɗauka da ajiyewa kawai na iya. Tana da wata al'ada: kafin ta taɓa akwati sai ta kamo wuyan hannuna ta kai agogona kunnenta.

"Minti biyu ya gudu, Firmin. Faskare kake yi da shi ne?"

"Ai don in riƙa zuwa da wuri ne, Madam."

"Kai? Ko agogon coci aka ɗaura maka sai ka makara."

Sai ta cire shi ta gyara, ni kuwa ina shan kofinta.

Shekarar da agogon batir ya shigo, manaja ya kira ni. Aka koya mini kula da sabon inji cikin mako biyu, aka ƙara mini albashi, aka ba ni agogon batir kyauta. Ya ce kuma in gaya wa masu aiki a gida cewa a ƙarshen wata za a daina kai musu akwati.

Na gaya wa sauran. Ita na kasa. Juma'a uku ina tsayawa a matakalar gidanta in cire sabon agogon in jefa aljihu, in ɗaura tsohon. A Juma'a ta biyu har ta ce mini wani mai shagon gyara a Neuchâtel ya nemi ta zo, ta ƙi.

"Me zai kai ni jirgin ƙasa kullum, ga aiki yana zuwa har ɗaki?"

Na ce gaskiya ne. Na shanye kofina.

Juma'a ta huɗu na manta ban canza ba. Ta kamo hannuna kamar kullum. Ta daɗe tana saurare.

"Wannan ba bugawa yake ba," in ji ta. "Ƙirga yake."

Ta ɗago ta dube ni.

"Yaushe akwatina zai tsaya?"

"Wannan akwatin ne na ƙarshe, Madam."

"Tun yaushe ka sani?"

"Mako uku."

Ta sake ni a hankali. Washegari ta tafi Neuchâtel, ta tarar an ɗauki wata.

Bayan wata biyu ta zo masana'anta neman aiki. Suka ce abin da ta iya ba ya cikin takardar albashi yanzu, suka sa ta a layin masu saka batir, a mataki na ƙasa, tare da masu zuwa yau su iya gobe. Ni da mako biyuna na fi ta albashi. Ni ne ma mai duba layinta. Shekara tara ta yi a wurin, ba ta taɓa makara ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba. Sai dai daga ranar na zama "Mesiye Firmin" a bakinta, kamar yadda ake kiran baƙo. Tsokana ta ƙare.

Da masu kuɗi suka dawo son agogon da ake wanawa da hannu, kamfanoni suka bazama neman irinta. An je har gidanta. Lokacin hannun ya fara rawa.

Ta rasu da sanyin bara waccan. Tsohon agogon yana hannuna, yanzu minti goma sha ɗaya yake gudu a mako. Akwai masu gyara a garin nan, na san ƙofarsu. Ban kai shi ba.