Katin Asibitina a Aljihun Surukina

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, kowa ya samu rabonsa. Wasu ƙarin girma, wasu sabon ofis, ni kuwa ciwon ciki na samu. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Maiyama, ina zaune a Jega da matata da 'yarmu guda, kullum in bi motar safe in dawo a ta la'asar.

Ciwon ba irin mai kwantar da mutum ba ne. Murɗa ce take zuwa ba sallama, ta ba ni ɗan lokacin da bai wuce na saka takalmi ba kafin in kai bayi. A rana sai in zaga sau bakwai, sau takwas, wani lokacin har da jini da majina. Direbobin hanyar Maiyama duk sun san ni, kujerar bakin ƙofa suke ajiye mini, in na buga jikin mota ba sa tambayar dalili. A makaranta kuwa ina cikin rubutu a allo sai in ajiye alli in ce wa 'yan aji, "Ina zuwa." Kafin zango ya ƙare sun raɗa mini Malam Ina-zuwa. Ban yi fushi ba, don da ni ne ɗalibin, sunan da zan sa ke nan.

Surukina, mahaifin matata, manomin albasa ne a Aliero. Dogon tsoho ne mai babbar murya, yana da wani jan babur da yake wankewa fiye da yadda yake wanke rigarsa. Mahaifina ya rasu tun ina kwalejin horon malamai, shi ya sa tsohon nan ya ɗauke ni kamar ɗan cikinsa. Da ya ji ba ni da lafiya, washegari sai ga shi a ƙofar gida da kwalba cike da ruwan ɗanyar albasa da zuma. A wurinsa babu cutar da albasa ba ta magani, tun daga mura har baƙin jini. Mutanen Aliero sun yi suna wajen ɗorin karaya, daga nesa ake kawo musu mutane a kwance su koma da ƙafafunsu. Da hanji yana karyewa da tuni an ɗora mini. Da yake ba ya karyewa, sai albasa. Ya tsaya a kaina har na shanye kofi guda, na yi godiya, ya tafi yana murna. Ranar sai da na zaga sau goma sha ɗaya.

Da ya ga ina ta ramewa sai ya ce asibiti za mu. Akwai wani ɗan asibiti a Jega da mai yankan kati abokinsa ne, nan ya kai ni. Ya yanki kati, ya jefa a aljihun gaban rigarsa, ya shige gabana har ɗakin likita, ya zauna a kujerar mara lafiya, ni na tsaya a gefe.

"Likita, wanga malamin makaranta na," in ji shi. "Cikinai ka ciwo. Gyambon ciki na, ni na san shi, ƙanena ya yi irinai."

Likitan mutumin gabas ne, ga layi har waje, ga gumi. Ya danna mini ciki nan da can, ya ce, "Yaya bayan gida?"

Na dubi surukina. Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba sai kwalbar nan da ya tilasta mini, in na hango shi a hanya sai na cire takalmi na durƙusa, shi ne zan buɗe baki a gabansa in lissafa yawan zuwana bayi da kalar abin da ke fita? Na sunkuyar da kai na ce, "Lahiya lau."

Aka rubuta mini wani farin magani mai kauri, ɗanɗanonsa sak alli. Da rana in shaƙi alli a aji, da yamma in sha alli a gida. Aka ce in dawo bayan wata guda. Muka dawo, aka sake tambaya, na sake cewa lafiya lau, aka ƙara mini kwalba biyu. Haka muka yi ta yi har shekara biyu.

Kada wani ya ce me ya hana ni zuwa ni kaɗai. Na gwada. Wata ranar kasuwa na sulale, na ce wa mai yankan kati katina ya ɓace. Ya ce in zauna ya duba. Ashe aike ya yi tashar albasa, inda surukina yake loda buhuna. Kafin layi ya zo kaina na ji ƙarar jan babur. Tsohon nan ya shigo da ɓawon albasa a gemunsa, ya tsaya a kaina, idonsa ya yi ja.

"Malam, mi niy yi maka?" ya ce. "Ka taho asibiti kai ɗai awa wanda ba shi da kowa? Ubanka ya rasu, ni ina raye. Kak ka koma yi min haka."

Wallahi sai na ji kamar sata aka kama ni ina yi. Na ba shi haƙuri, muka shiga tare, na ce lafiya lau.

Matata ita ta san komai, don ita take cika mini buta. Kullum sai ta ce, "Malam, ka hwaɗa ma likita gaskiya mana." In ce, "Gaban Baba?" Ita ce 'yar farinsa, ko sunanta ba ya faɗa, magana tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa, balle ta je masa da zancen bayan gidan mijinta. Ta dai raɗa wa mahaifiyarta. Tsohuwar ta rufe baki tana salati, ta ce ita ma ba da bakinta ba, ta aiko mini da garin sabara a ƙulle. Na samu sauƙin kwana huɗu, a na biyar muka koma gidan jiya.

Wasa ya ƙare ranar da hedimasta ya kira ni ofishinsa. Mutumin kirki ne, ya daɗe yana rufa mini asiri. Ya ce, "Malam, na san ba da gangan kaka yi ba. Amma mai duba makarantu ya iske ajinka ba malami, sau biyu ke nan. In ba ka kawo takardar likita wadda tan nuna abin da ka hidda kai aji ba kahin ƙarshen zangon ga, sunanka za shi ohishin ilimi." Na ce ai ina da takarda, gyambon ciki ne. Ya yi murmushi ya ce, "Rabin malamman makarantar ga gyambon ciki gare su, kuma suna cikin aji."

Na fito daga ofishin. Ban iya noma ba, ban iya kasuwa ba, allon nan shi ne gonata. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ciwon kansa bai taɓa sa mini ba. Duk da haka, da ranar asibiti ta zagayo, na bi bayan surukina kamar kullum, na shirya cewa lafiya lau.

Sai dai jiki magayi. Likita ya ɗora ni a sikeli, ya duba abin da ya rubuta bara, ya sake duba sikelin, ya ɓata fuska. Ya ce, "Gyambon ciki ba ya rame mutum haka. Malam, sau nawa kake zagayawa a rana?"

Na ce, "Awa kowa."

Ban rufe baki ba cikina ya murɗa. Da safen nan na sha kofin albasa a gaban mai ita. Na daure, na daure, na ga abin zai zama abin faɗa, sai na ji bakina ya ce, "Ina zuwa," na fita a guje. Na dawo ina share gumi, likita ya fara wata tambayar, ciki ya sake murɗawa, na sake fita. Na dawo karo na biyu. Likita ya dube ni, ya dubi tsoho, ya ce, "Wannan mahaifinka ne?"

Na ce, "Surukina na."

Ya ajiye biro a hankali, ya jingina da kujera. Na ga yana neman yadda zai ce wa mai furfura ya ba mu wuri, bakinsa ya yi nauyi. Surukina ya riga shi. Ya miƙe, ya zaro katina daga aljihu, katin da ya shekara biyu yana warin albasa, ya ajiye a kan tebur, bai dubi kowa ba ya ce, "Na mance ban kulle babur ba." Ya fita ya ja ƙofa. A gabana ya kulle babur ɗin nan, har ya jijjiga kansa ya tabbatar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zazzage wa likita komai, da yawan, da jinin, da majinar, da motar Maiyama, har da sunan da yara suka sa mini. Ya riƙe kai ya ce, "Shekara biyu, Malam! Kai da kake koyar da 'ya'yan mutane!" Faɗa yake mini amma ni daɗi nake ji, kamar na sauke buhu daga ka. Ya ce abin ya fi ƙarfin kayan aikinsa, ya rubuta takarda zuwa babban asibiti a Birnin Kebbi, ya ce in je da gaggawa.

Na sami surukina a tsugune a gindin bangon asibiti, cikin rana, alhali ga inuwa kusa da shi. Na durƙusa na gaya masa an tura ni Birnin Kebbi, na ce zan bi motar safe. Ya ce, "Mota ba ta tsayawa. Ni ka kai ka." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Washegari ya zo da hantsi. Na lura da wata sabuwar buta cike da ruwa rataye a kan babur. Mun ɗan fita gari kaɗan sai ya gangara gefen titi, daidai wata gonar gero da ta rufe mutum, ya kashe inji. Ya ce, "Injin ga ya ɗau zahi, sai ya huce." Ya sauke butar ya ajiye a ƙasa, ya juya mini baya, ya tsuguna yana duba taya. Na ɗauka na shiga gero. Da na dawo ya taɓa injin da bayan hannu ya ce, "To, ya huce." Sau huɗu injin nan yana ɗaukar zafi kafin mu kai, kuma bai taɓa ɗauka a fili ba, sai inda akwai duhuwa. A na ukun dariya ta so kuɓuce mini, sai kuma na ji hawaye na zubo mini a bayan rigarsa. Da muka isa ya raka ni har ƙofar likita, ya zauna a benci a waje.

Can aka yi gwaje-gwajen da ba zan bayyana ba ko yanzu da na tsufa. Suka ce kumburin hanji ne, ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ana lallaɓa shi a zauna lafiya. Aka ba ni ƙwayoyi, aka hana ni yaji da nono, aka kuma hana ni ɗanyar albasa. Wannan na ƙarshen sai da na yi ta juya shi a baki kafin in faɗa wa surukina. Ya ce, "Likitocin ga ba su san albasa ba." Amma kwalbar ba ta sake zuwa gidana ba. Buhun albasa dai bai fasa aikowa ba duk kaka, wai na miyar 'yarsa ne.

Na kai wa hedimasta takarda saura mako guda a rufe makaranta. Ya karanta, ya karanta, ya ce, "Ashe haka kaka hwama." Sunana bai je ofis ba. Da aka dawo hutu ya mayar da ni ajin ƙarshe, wanda ya fi kusa da bayi, a nan na koyar har na yi ritaya. Ciwon yana nan, yakan kwanta wata da watanni, ya tashi ya gaishe ni ya koma. Sunan ma yana nan. Har yau in na shiga kasuwar Jega sai wani mai gemu ya durƙusa ya ce, "Malam Ina-zuwa, ina wuni?"

Ni da surukina ba mu taɓa tayar da maganar nan ba, ko sau ɗaya, har Allah ya karɓi abinsa. Da aka raba gado, jan babur ya faɗo a rabon matata, ta miƙa mini makulli. Na hau shi shekara da shekaru, na je Birnin Kebbi karɓar magani da shi a tsakiyar bazara, tun daga Jega ban tsaya ko'ina ba. Injin bai taɓa ɗaukar zafi ba.