Saura Kilomita Uku

A duk shekarun da na yi ina riƙe da alli, akwai wata Talata da har gobe ba ta fita a raina ba. Lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare mai zaman kanta a Samaru, ni ce kuma uwar ajin SS2. An gayyaci ɗalibaina gasar kacici-kacici a wata makaranta da ke hanyar Kaduna, kilomita ɗari da sittin zuwa da dawowa.

Ƙa'idarmu ita ce malami ya kawo farashin hayar mota daga wuri biyu, ma'aji ya zaɓa, shugaban makaranta ya sa hannu. Naira dubu sittin da biyar aka ware mana, shugaban kuma ya ja kunnena: "Malama Saratu, in ya haura da ko sisi, a fasa tafiyar."

Na shiga Sabon Gari. A unguwar PZ na samu wani dattijo mai bas, Baba Audu, ya ce dubu arba'in kuɗin mota, sannan naira ɗari da hamsin a kowace kilomita. Wani mai bas kuma a unguwar Chikaji ya ce dubu goma kacal, amma naira ɗari uku da hamsin a kowace kilomita. Ma'ajinmu Malam Bitrus yana jin dubu goma ya ce magana ta ƙare, gobe zai kai kafin alƙalami.

Na san akwai gyara, sai dai Malam Bitrus a haife ya haife ni, ba zan tsaya a ofishinsa ina koya masa lissafi ba. Sai na wuce aji, na rubuta farashin biyu a allo, na ce, "Tafiyarku ce a nan. Ku kira kilomita x, ku gaya mini inda kuɗinmu zai kai mu."

Ajin da kullum ake hamma in na ambaci aljebra, ranar har rige-rigen alli aka yi. Wata yarinya Ladi ta riga kowa. Ta rubuta 10,000 + 350x = 65,000, ta cire dubu goma daga kowane ɓangare, ta raba dubu hamsin da biyar gida ɗari uku da hamsin. Sai ta juyo ido waje.

"Malama, ɗari da hamsin da bakwai ne! Saura kilomita uku!"

Wani daga baya ya ce, "Ke nan muna hango Samaru direba zai ce mu sauka mu taka sayyada!"

Aji ya ɓarke da dariya. Ladi ba ta saki allin ba, ta kama na Baba Audu: 40,000 + 150x = 65,000. Amsa ta fito ɗari da sittin da shida. Tafiyarmu gaba ɗaya dubu sittin da huɗu za ta ci, har da canji. Wayyo, ihu! Ana buga benci, ni kaina ban san sanda na fara tafi ba. Kafin a kaɗa ƙararrawa sun haɗa farashin biyu, sun gano a kilomita ɗari da hamsin suke zuwa daidai.

Hayaniyar ce ta jawo Malam Bitrus. Ya tsaya gaban allo, ya ciro kalkuleta, ya danna, ya sake dannawa. Can ya cire tabarau ya ce, "Kai, yaran nan sun kama ni. Malama, ki kira na PZ ɗin."

Ranar tafiya ina gidan gaba, na ba Baba Audu labari cike da alfahari. Ya yi murmushi yana canja giya.

"Malama, ni ban san wani ekis ba. Amma in tafiya ta wuce ɗari da hamsin, babu mai araha kamata. In ba ta kai ba, ni da kaina nake tura mutum Chikaji."

Amsar da muka cika allo kafin mu samu, ga ta a bakin mutumin da bai taɓa zama a aji ba. Na biyu muka zo a gasar.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin malamai: kafin ku buɗe littafi neman misali, ku leƙa tasha da kasuwa. Mutanenmu sun daɗe suna aljebra, alli ne kawai ba su riƙe ba.