Harsashin da aka ciro daga ƙirjin Yaya Habu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Habu. Na so in yi masa addu'a kawai in yi shiru, amma na kasa, domin Juma'ar nan mai zuwa aka sa za a gwada maganin bindiga a jikin mijina.

Yaya Habu fataucin raguna yake yi. Ya sayo a Nijar, ya biyo ta Kongolam, ya kawo Daura ko ya wuce Kano. Shi ya sa mini suna 'Yar Tsoro, don ko ƙadangare ya faɗo daga katanga sai na yi ihu. Da fashi ya yi yawa a hanya, abokansa suka kawo masa wani mai layar maganin bindiga daga wajen Zango. Tun zuwan Shari'a malamai ke wa'azi a kan layu, amma wa'azi daban, tsoron hanya daban.

A bayan gidanmu aka yi gwajin, ina leƙe ta jikin danga. Aka rataya wa bunsuru layar, mutumin ya ɗura bindigar toka ya harba. Hayaƙi ya tashi, bunsuru ya yi atishawa ya ci gaba da cin harawa. Maza suka yi ta kabbara. Ni dai na ga ya zuba albarushi, na ga ya cusa tsumma, amma ban ga ya sa dalma ba. Na faɗa wa Yaya, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"'Yar Tsoro, ke da kika rufe ido, me kika gani?"

Ban rufe ba. Ba a daɗe ba, wata rana da rana tsaka 'yan fashi suka tare motar su Yaya suna dawowa daga kasuwa. Kowa ya kwanta, shi ya miƙe da layarsa a jiki. Bindigar ƙarama ce, irin ta aljihu, kuma sau ɗaya aka harba.

Harsashin da aka ciro a asibiti Inna ta adana shi cikin kwalla. Bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ja ne sumul. Wani maƙwabcinmu tsohon ɗan sanda ya juya shi a tafin hannu, ya ce dalma ce a ciki aka sa mata rigar jan ƙarfe, shi ya sa ba ta lotsewa, sai dai ta ratsa.

Yanzu maigidana, Baban Ummi, ya shiga 'yan sintiri. Ban ga laifinsa ba, sau nawa aka kore shanun garinsu. Amma harsasan da nake gani a hannunsu, Yaya bai san irinsu ba. Wasu ja, wasu shuɗi, kamar an tsoma su a fenti. Baban Ummi yana yi mini bayani da jin daɗi: wannan mai nauyi ne, wancan sakayau, wannan mai rami a baki buɗewa yake yi in ya shiga, rufin fentin kuma yana rage hayaƙi, ba ya ɓata cikin bindiga. Rannan zan yi wanki, 'yarmu Ummi ta zaro guda daga aljihun rigarsa ta jefa a baki, ta ɗauka alawa ce. Da yatsa na ƙwaƙulo shi.

Nakan ce a raina, da Yaya zai leƙo, me zai ce? Zai yi dariyarsa? Ko zai kama wuyan rigar surukinsa? Don shugaban 'yan sintirin ya ce gwaji a kan dabba na matsorata ne, a jikin mutum za a yi, da ƙaramar bindiga. Baban Ummi ne ya fara ɗaga hannu.

Na roƙe shi, ya ce, "Ke dai ba kya rabo da tsoro." Muryar Yaya na ji sak.

Jiya na je wurin Inna. Ba ta tambaye ni komai ba, ta buɗe kwalla ta ba ni. Da na kai wa Baban Ummi abincin rana, na ɗora harsashin a kan faifan.

"Wannan fa?"

"Na Yaya Habu ne. Shi ma an gwada nasa maganin, an ce ya ci."

Ya daɗe yana juya shi, tuwo ya huce. Can ya ce, "Zan ce musu a kawo bunsuru." Ko za su yarda, ko za su yi masa dariya har ya koma kan bakansa, Allah ne masani.

Yaya bai bar ɗa ba. Ragunan an sayar, layar kuwa mahaifinmu ya ƙona ta. Abin da ya rage nasa shi ne ɗan ƙarfen nan da sunan da ya sa mini, kuma na daina jin kunyar sunan. Allah ya ji ƙanka, Yaya. Ranar Juma'a zan goya Ummi in je in tsaya inda ake ɗura bindigar, duk wanda zai kore ni ya kore ni, idona a buɗe.