Likkafanin Mma da bangon da ke zufa

Shekarun baya da dama, ina budurwa, muna haya a wani ɗaki ciki da falo a unguwar Maamobi ta Accra, ni da mahaifiyata, Mma. Bangon baya na ɗakin yana daf da kwata, rana ba ta taɓa ganinsa. Da damina ta kama sai ya yi sanyi ƙalau, ya dinga zufa, baƙar funfuna ta hau shi har tsayin ƙugu. Mun yi wa mai gidan ƙorafi, ya taɓa bangon ya ce, "Kafra, yi haƙuri, Mma. Bango na Accra haka ne. Rana zai zo, zai bushe."

Mma tana da wata adaka ta katako. A ciki akwai farin yadin da ta sayo a Makka shekarar da ta sauke farali, ta tsoma shi a ruwan Zamzam, ta shanya, ta ninke. Likkafaninta ke nan. Adakar kullum tana kan bulo biyu kusa da ƙofa, inda iska ke shiga.

Ni kuwa, uwar son a sani, da aka ce dangin saurayina za su zo gaisuwa daga Kotobabi, kunyar bangon nan ta hana ni sukuni. Na goge da omo, na shafa farar ƙasa, kwana uku baƙin ya sake ɓullowa. Sai na ja adakar na manna ta da bango, na lulluɓe da zane mai kyau. Idon Mma ya riga ya yi rauni, da ta tambaya na ce shara nake yi. Baƙi suka zo suka yaba tsaftata. Adakar kuma na bar ta a nan har damina ta wuce.

Ranar da na buɗe, Mma ta tafi suna. Wari ne ya fara dukana. Yadin ya yi ɗigo-ɗigo baƙi da kore, ninkin ya manne. Na wanke, na matsa lemun tsami, na shanya a bayan gida, ya yage a hannuna. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an yi mini mutuwa.

Washegari na je wurin masu yadi a Zongo Lane na yanko irinsa, na ninke yadda ta ninke, na mayar da adakar wurinta. Duk azumi Mma takan fito da shi ta shafa, ta kai fuskarta. Shekara shida ina kallonta tana yin haka, bakina ya kasa buɗuwa.

A ciwonta na ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ko wa ya kawo yadi ku gode masa, amma kada a sa mini sai nawa na Zamzam."

Na ce, "To, Mma."

Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Ni na miƙa yadin.

Daga baya na tambayi wani malami, na ce wata ƙawata ce abin ya faru da ita. Ya ce duk farin yadi mai tsarki ya wadatar, mamaci ba ya rasa komai. Na yarda da shi. Amma ba hukuncin ne ke damuna ba. Yau na wuce shekarun da Mma ta rasu a kai, kuma har yanzu ban daina jin nauyin "to" ɗin nan da na ce mata ba.