Hannun Daman Baba

Shekara talatin ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Adamu, kuma har yau in na tuna shi, hannunsa nake fara gani kafin fuskarsa.

An haife shi a unguwar Barroquinha, can ƙetaren teku inda aka kai kakanninmu bayi, tun ba a daina bauta ba, ɗan wani Bahaushe mai dako a tashar jiragen ruwa. Da girmansa ya samu aiki wurin wani likitan haƙori a unguwar kasuwanci ta Comércio, lokacin da aka kawo injin ɗaukar hoton haƙori. Aikinsa shi ne ya danne ɗan fim ɗin da yatsa a cikin bakin mutum har a gama ɗauka. Injin wancan zamani ba ya tace haskensa. Mai ƙarfin da ke ratsa ƙashi ya fitar da hoto, da mai raunin da ba ya komai sai cin fata, duk tare suke fita, duk kuma a kan yatsun Baba suke sauka.

Da fatar ta fara tsagewa, likitan ya ce ya riƙa canza hannu. Baba ya ƙi. "Hagu a bakin mutum? Ba a haifi mai sa ni ba," in ji shi. Taurin kai kam Allah ya ba shi. Yatsun suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ciwon ya hau har kafaɗa. Mutumin da ya ƙi sa wa baƙo hagu a baki, da hagu ya ci abincinsa na ƙarshe, yana juya mana baya don kunya.

Yanzu ɗana Sule ne ya kama irin wannan aiki a unguwar Itapagipe. Na yi faɗa har na gaji. Ranar nan ya kai ni ya nuna mini ɗan faifan ƙarfe a bakin injin, bai fi murfin gwangwani ba. "Inna, wannan ke tare hasken banzan. Kuma mai haƙorin ne ke riƙe fim ɗinsa, ni ina bayan bango."

Na daɗe ina kallon faifan, raina a ɓace. Ashe ɗan wannan abin ne Baba ya rasa. Na san da yana raye, ba murna zai fara yi ba, cewa zai yi rashin ladabi ne a bar mai jin tsoro shi kaɗai a ɗaki.

Ladabin nan shi ya bar mana, Sule ma ya gada, abin da ke hana ni sakin jiki ke nan. Duk ranar da ya zo gaishe ni, ba na amsawa sai ya miƙo mini hannun dama na juya shi ciki da baya.