Ƙirjina ke ciwo, aka ce kaina ne

Assalamu alaikum. Wata biyar ban leƙo nan ba. Masu cigiyar ɗinkinsu ku yi haƙuri, jinya na yi.

Da yawanku ba ku sani ba, shekara tara ina shan maganin taɓin hankali. Ya zaunar da ni lafiya, ina ɗinkina a Bodinga. Sai dai ya buɗe min ciki, na yi ƙiba, ga wuni a kan keken ɗinki. Ban taɓa neman a gwada min jini ba.

Ranar sunan ɗiyar ƙanwata a Kajiji, ina cikin rabon tuwo, na ji kamar an ɗora min turmi a ƙirji. Zufa ta keto min, hannuna na hagu ya yi nauyi. Na zube ina cewa mutuwa zan yi.

Gwaggo ta ce, "Ku riƙe ta, ciwon nata na ya tashi."

Mata biyu suka danne ni. Ina nuna ƙirji, ana cewa, "Yi shiru Hajo, ina maganinki?" Iya ihuna, iya ƙara danne ni.

Sai ga wana, Yaya Bello. Ya duƙa ya kalli fuskata.

"Ku sake ta. Ni ka kai ta asibiti kullum, na san ciwonta. Wanga ba shi na ba."

A babur ya ɗauke ni, Inna na baya tana tallafe da ni. Kowane rami sai numfashina ya ɗauke.

A asibitin Shagari, nas ta auna hawan jinina, ta sake aunawa. "Ku wuce Sakkwato yanzu."

Can aka manna min wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini. Likita ya ce bugun zuciya ne, jijiyar da ke kai mata jini ta kusa toshewa. Suga da kitse duk sun hau. Kwana goma sha ɗaya na yi a gado.

Na tambaye shi ko in bar maganin kaina.

"Kul. Za mu zauna da likitanki mu gyara, biyun za a kula da su tare."

Yanzu ina taka ƙafa kowace safiya, na rage gishiri da mai. Alhamdulillahi. Yaya, Inna, Allah Ya saka. Gwaggo, na yafe, tsoro ne ya sa.

Mai shan irin maganina, kar ka daina, amma ka nemi a riƙa duba hawan jini, suga da nauyinka. Ku kuma 'yan'uwa, in ya ce ƙirjinsa na ciwo, ku yarda da shi, ku kai shi asibiti.