Baƙin da Ramatu ta sayo

A gidanmu na Zongo, a Wagadugu, wutar da ake tafasa ruwan rini da rana ita muke zagayewa bayan sallar isha. Kakarmu, wadda muke kira Yaba kamar yadda 'ya'yan Mosi ke kiran tasu, sana'arta rini. Tana rina shadda da zaren saƙa, hannayenta kuwa shuɗi ne har wuyan hannu. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Guda ɗaya ce in ta ɗauko, ƙanwata Safiya kan shige cikin zanena tun ba a yi nisa ba.

Wai an yi wata mai rini, Ramatu, wadda aikinta ke da kyau amma ba ya isarta. Baƙi take so wanda ba a taɓa gani ba. Ranar kasuwa ta wuce masu baba da ta saba saye a wurinsu, ta wuce masu toka da kanwa, sai ga wata tsohuwa a ƙarshen layi da ƙwarya ɗaya a rufe. Cikin ƙwaryar wani gari ne baƙi ƙirin.

Nan Yaba kan sassauta murya. "Baba na gaskiya yana da wari, yara. Ka murza shi a tafin hannu, ka shinshina, ka tambayi gonar da ya fito. Wannan kuwa ba wari, ba ƙamshi. Ramatu ta ce, 'Inna, daga ina?' Tsohuwa ta ce, ''Yar nan, baƙi kike nema ko labari?'"

Ramatu ta saya. Ta jiƙa shi, ta tsoma zane ɗaya, ya fito da baƙin da ya sa maƙwabta leƙowa ta katanga. Don murna ta goya jaririnta da shi.

Da gari ya waye, baƙar kazarta ta zama fara fat. Washegari gindin tukunya ya yi tas kamar ba a taɓa ɗora shi a wuta ba. Zanen kuwa sai ƙara baƙi yake. Da gashin kanta ya soma furfura, ta ce gajiya ce. Sai ranar da ta sauke yaron za ta ba shi nono, ta ga baƙin idonsa na dama ya dushe kamar an ɗiga madara.

"Shan baƙi yake yi," in ji Yaba, tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. "Duk inda ya ga baƙi a gidan, sai ya tsotse."

Na tuna yadda na runtse idanuna gam, har da sa hannu na rufe. Safiya na kuka ƙasa-ƙasa, garwashi na ƙara, ba wanda ya yarda ya dubi gangunan rini da ke jere a bayanmu.

Ramatu ta ruga kasuwa, babu tsohuwa, babu wanda ya taɓa ganinta. Ta wuce rafi da zanen, ta yi ta wanki tana salati har fatar hannunta ta saɓule. Ruwan ya yi baƙi, ya tafi da abin. Idon hagu ya tsira. Na dama bai dawo ba.

Ni ma yau rini nake yi, a unguwar Cissin, da galura da soda irin na zamani. Sai da na yi aure mahaifiyata ta gaya mini cewa lokacin da waɗannan kayan rinin suka fara shigowa unguwa a ƙulle cikin leda ba suna, ruwan ɗaya daga cikinsu ya fantsama a fuskar yaron maƙwabta, ya rasa ido. Yaba ce ta riƙe shi a bayan babur har asibiti. Ba ta taɓa faɗa mana wannan ba. Ta san in ta ce kar mu taɓa ganga, za mu taɓa, shi ya sa ta bar mu da tsoro.

Kwanan baya wani saurayi ya kawo mini galura mai kyan launi, ya ce sabon shigowa ne. Na tambaye shi daga ina, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, gwada kawai." Autana na wasa a bakin ƙofa. Na ɗauke shi na shiga ɗaki, ban fito ba sai da na ji tashin babur ɗin saurayin.